Lambobi Shidda a Gindin Rumbu

Shekara tara na yi ina malamar kwantaragi. Wanda bai ɗanɗana ba ba zai gane ba. Aji ɗaya kuke shiga da mai matrikil, wato lambar aikin gwamnati, ƙurar alli ɗaya kuke shaƙa, yara ɗaya suke fasa muku kai, amma shi ma'aikacin gwamnati ne, ke kuwa baƙuwa ce da aka ce ta ɗan zauna tukuna. A shekarar da nake ba da labarinta an buɗe ɗaukar malamai aikin dindindin, aka ce kowa ya ajiye dosiyensa, wato takardun neman aikin, ta intanet. Ni kuma shekaruna sun zo daidai bakin iyakar da aka gindaya. In wannan karon ya wuce ni babu wani, haka zan tsufa da kwantaragi.

Tun farkon damina na fara cika dosiyen a wayata, ina zaune gidanmu a Buza, ana hutun lakkwal, wato makarantar boko. Na cika fiye da rabi, na ce bari in huta. Hutun nan ne ya kai ni har ranar Talata, alhali ranar Alhamis da ƙarfe shidda na marece za a rufe. Ni ce kullum nake gaya wa yara ba a fafe gora ranar tafiya, amma malami ba ya jin wa'azin kansa. Abin da ya rage ba shi da yawa. Hotunan takardun karatuna suna ajiye cikin imel ɗina, sai dai in ɗauko in liƙa. Akwai kuma wani saƙo da suka aiko cikin imel ɗin, wanda sai na buɗe shi na taɓa sannan dosiyen zai tabbata. Aikin rabin awa ne duka.

Ranar Talatar ce wayar ta faɗa bahon wanki. Ba wanda zan ɗora wa laifi, ni na soke ta a bakin zane na duƙa ina cuɗa rigar maigidana. Mai gyara na bakin tasha ya buɗe ta, ya busar, ya ce kanta ya taɓu, sai an wanke shi gaba ɗaya. Laraba da hantsi ya miƙo mini ita tana ƙyalli, tana aiki, amma ba ta san ni ba. Duk abin da na tara ciki ya tafi, imel ɗin da yake buɗe shekara da shekaru ba tare da na taɓa tunaninsa ba shi ma ya rufe.

Da farko ban damu ba, don kalmar sirrin tana rubuce a bayan wani tsohon littafina na shirin darasi. Na rubuta, ya karɓa. Sai ga wani shafi da ban taɓa gani ba, yana cewa don a tabbatar ni ce, an aiko mini da kod, lambobi shidda, ta saƙon waya. Na ce to madalla, ana tsare mini kayana. Na ɗora wayar kan cinya ina jira, ina tsinke zogale. Na gama tsinkewa ba abin da ya shigo.

Na ce rezo ne, wato sabis ɗin waya, don garinmu a kwari yake, duwatsu sun kewaye shi, in hadari ya taso sai ka ga rezon yana zubewa. Na fita ƙofar gida. Na hau tudun bayan lakkwal na ɗaga wayar sama kamar mai tallanta. Na kashe na kunna. Na cire pis ɗin, wato ɗan katin layi, na goge shi da bakin mayafi, na hura masa iska, na mayar. Na ce wa maigidana ya aiko mini da saƙo don gwaji, yana kwance cikin ɗaki ya aiko, ya shigo nan take, wai abinci fa. Ashe saƙo yana shiga, nasu ne kawai ba ya zuwa. Daga nan zuciya ta ɗebe ni. Akwai wurin da aka rubuta a sake aikowa, na dinga dannawa, na danna na danna, har shafin ya gaji da ni ya ce na yi yawa, in dakata sai gobe. Na zagi wayar, na zagi mai gyara, na zagi wanda ya ƙirƙiro kod tun daga kakansa. Maigidana ya ce in bar zagin haka nan, in je siber, shagon intanet, da safe.

Alhamis ta waye da ruwa. Tun asuba ake zuba shi, sai wajen ƙarfe goma ya tsagaita, na ɗora leda a ka na fita. Mai siber ɗin dattijo ne, ya yi shekaru a Abijan, ya dawo da kwamfuta uku da irin haƙurin da ni Allah bai ba ni ba. Ya zaunar da ni gaban ɗaya, na sa kalmar sirri, maganar kod ta sake fitowa. Na kai hannu zan danna, ya tare ni.

"Madan, kin karanta abin da an ka rubuta nan?"

"Malam, ni ka koya ma yara karatu," na ce.

"Na sani. Karanta mani layin ga na ƙasa."

Layin yana cewa za a aika kod ɗin zuwa wata lambar waya. An rufe lambar da taurari, an bar biyu na ƙarshe, huɗu da bakwai.

"Lambarki da mi ta ƙare?" ya ce.

Lambata da ɗaya da biyu take ƙarewa. Jiya wuni guda ina hawan tudu ina goge pis, layin nan yana gabana, ban karanta shi ba ko sau ɗaya. Abin da nake yi wa yara faɗa a kai ke nan kullum, su ga tambaya su hau amsa ba su karanta ba. Kunya ta kama ni, ina juya huɗu da bakwai a kaina, sai na tuna.

Imel ɗin nan tun ina makarantar horon malamai na buɗe shi, da layina na farko. Da na sayi babbar waya da sabon layi, sai na bar ƙaramar, mai madannai, a ƙauyenmu wajen mahaifiyata, don ƙannena biyu da ke ci-rani a Abijan lambar suka sani, su riƙa kiranta. Shekara shidda ke nan. Ashe duk kod ɗin da na roƙa jiya can ya tafi, kan tudu bayan Allakaye, gidan tsohuwar da ba ta san bihim a boko ba. Mai siber ya tambaye ni ko an taɓa ba ni wasu lambobin ajiya na irin wannan rana. Na tuna an taɓa nuna mini wani abu haka, na danna wuce. Ya tambayi ko na haɗa shi da wani imel na biyu, na ce wanda ke da ɗaya ma ga yadda ya ƙare. Akwai takardar koke da ake cikawa, amma amsarta sai bayan kwanaki. In kuwa na ce in tafi Madawa a sake mini layin, ba da sunana aka yi rajistarsa ba, da sunan wani kawuna ne da ya rasu.

Na ce to bari in je in ɗauko wayar da kaina. A tasha 'yan kabu-kabu suka yi mini dariya. Ƙoramar da ke kan hanyarmu ta cika ta tumbatsa, wani da ya juyo daga bakinta ya ce ko raƙumi ba ya ƙetare ta yau, sai gobe in ruwan ya janye. Na dawo siber da taɓo har idon sawu.

Saura a samu wanda zai karanta mini saƙon a can. Autarmu ce take yi da, amma ta yi aure a Babankatami bara. Matar ƙanena da ke zaune da tsohuwar ta yi aji uku, tana iya karanta lamba, to amma lokacin maimai ne, noma na biyu, kuma an samu laima. Duk mai ƙafa a ƙauyen yana gonakin nesa da zarar ruwa ya ɗauke, ba su dawowa sai an kira magariba. Na kira auta na gaya mata halin da nake ciki. Ta ce, "To sai dai ki yi da Inna, ita kaɗai ke gida da ciwon gwiwarta." Mahaifiyarmu take nufi. Har ta fara dariya ta haɗiye, don ta san abin da ta faɗa.

Ni ce ɗiyar fari. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari, kuma tawa uwar ta riƙe abin da hannu biyu. Ana yaye ni aka kai ni wajen kakata, gida uku tsakani. Kakata nake kira Inna. Mahaifiyata kuwa Yaya nake ce mata, don haka na tashi na ji kawunnaina suna kiranta. Ba ta faɗin sunana. Ba ta yi mini magana kai tsaye. In na shiga gidan sai ta juya ga duk wanda ke kusa ta ce, "A ba baƙuwa ruwa." In tana son ta san ko na ci abinci, sai ta tambayi wata a gabana, ni kuma in ba watan amsa. Har wata maƙwabciyarmu mai suna irin nawa ta rasa sunanta a bakinta, ta koma "ta gidan gabas".

Ba zan ce ba ta so na ba, in na faɗi haka Allah zai tambaye ni. Da na je gida wankan haihuwar fari, kakata ce ke yi mini wankan, amma kwana arba'in cur Yaya ce ke ɗauko itace a ka daga dutse, ta hura wuta, ta kawo tukunyar bakin ɗaki ta ajiye, ta juya ba ta leƙo ba. Na san wannan. Ni ma yau ina ɗan kawar da kai in ana yabon ɗana na fari cikin mutane. Amma gaskiya ɗaya ce, ina yarinya na yi kishin auta ƙwarai. Ba goyon da ake mata ba, faɗan da ake mata. In ta zubar da gari a kira ta da ƙarfi, a ja kunnenta, a ce ke wace irin yarinya ce. Ni ko na fasa tulu sai dai in ji an ce wa bango, "An fasa tulu."

Waya ba ta canza komai ba. Tana rataye cikin 'yar jaka a wata ƙusa jikin rumbu, don nan kaɗai rezo ke kamawa a gidan. In ta yi kuka Yaya ta san koren madanni, ta danna. In 'yan Abijan ne ta zuba hira. In muryata ce ta miƙa wa na kusa.

Na fara kira tun azahar. Tana shiga, ba a ɗauka. Yayyafi ya dawo, na san tana cikin ɗaki ba ta ji. Na yi sallah a bayan siber, na dawo na ci gaba. Mai siber ya kawo mini shayi, ya ce in sha, gaggawa ba ta kawo rezo. Ya kuma ja mini kunne a kan abu biyu. Kod ɗin 'yan mintoci yake rayuwa, in ya wuce ya mutu. Kuma in na yi ta kuskure ko na yi ta roƙon sabo, za su sake rufe ni sai gobe, goben da ba ta da amfani gare ni. Ƙarfe huɗu ta gota aka ɗauka. Da ya ji na yi sallama, ya ɗauki butarsa ya ce bari ya je masallaci, ya ja ƙofar. Dattijo ne, ya san abin da bai kamata a yi gaban mutane ba.

"Yaya, ina wuni."

Na ji kaji, na ji ɗigar ruwa daga bakin rumbu. Can ta ce, ba da ni ba, da iska, "A ce mata lahiya lau. A ce an yi ruwa, mun gode Allah."

"Akwai wani gida?"

"A ce mata kowa na gona."

Na yi mata bayani a hankali, yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Aikin gwamnati da nake nema, yau za a rufe kafin magariba. An kulle ƙofar takarduna, mabuɗin kuma za a aiko shi cikin wayar da ke hannunta. Babu mai ɗauko mini shi sai ita.



"A ce mata ni ban yi lakkwal ba."

"Ba karatu za ki yi ba, Yaya. Zane ne, awa na tabarma."

Tabarmar kaba take saƙawa, mai launi. In ta ga zane a tabarmar wani a kasuwa, kallo ɗaya take masa ta dawo gida ta fitar da shi ba kuskure. A kan wannan na dogara. Na ce mata zan yanke, wayar za ta yi ɗan gajeren kuka. Ta danna babban madannin tsakiya sau ɗaya, ta sake dannawa. Za ta ga rubutun nasara, ta ƙyale shi. A cikinsa akwai alamomi shidda a jere, irin waɗanda ke kan madannan wayar. Ta samu kara ta zana su a ƙasa yadda suke, sannan in sake kira.

"A ce mata ƙasa da laima, tana kama zane," ta ce.

Na yanke, na yi bismillah, na danna a aiko. Na zauna ina kallon agogon kwamfuta. Minti ɗaya, minti biyu. Na kira, ba a ɗauka ba. Na ce ko ta danna wani abu ta kashe wayar ke nan. Na sake kira.

"A ce an zana."

"To ki dubi na farko, ki nemi ɗan'uwanshi bisa madannan, ki gaya mani inda ya ke."

Na ji ta cire wayar daga kunne, na ji numfashinta nesa, ta dawo.

"A ce layin tsakiya, na hannun hagu."

Huɗu ke nan. Na rubuta a bayan hannuna da biro. "Na biyu, Yaya, da sauri. Sama ko ƙasa? Mai ƙugiya ne ko mai ciki? Ki duba, lokaci na tahiya, in ya mutu sai mun sake, ki duba ko..."

"Ke, tsaya. Kina ruɗa ni. Wace irin gaggawa ce da ke tun kina ƙarama?"

Biron ya tsaya a hannuna. Shekara talatin da ɗoriya ina duniya, maganar farko da uwata ta yi da ni ke nan, kuma faɗa ne. Na ji daɗinsa har cikin ƙashina. Ita kuwa ban ce ta ma lura ba, hankalinta na kan zane.

"Na biyu tsinke ne tsaye, layin bisa, hagu. Kin ji?"

"Na ji."

"Na ukku shi ne na cibiya, tsakiyar tsakiya. Na huɗu na ƙarƙashinshi, mai ciki biyu. Sai ƙwai, can ƙasa shi kaɗai. Na ƙarshe layin bisa, hannun dama. Shidda ke nan, na ƙirga."

Huɗu, ɗaya, biyat, takwas, sifiri, ukku. Na buga su ɗaya bayan ɗaya ina duba bayan hannuna, na danna. Shafin ya yi ɗan tunani, ya fito da jan rubutu, kod ɗin ba daidai ba ne.

Har bakina ya buɗe zan ce ta yi kuskure, sai na kama shi. Matar da ke ɗauko zanen tabarma daga kasuwa da ido ba za ta ɓata alama shidda ba. Na ce ta sake dubawa, ta maimaita mini su daidai yadda ta faɗa, ba ta canza ko ɗaya ba. In na sake buga su haka, na ƙara kuskure a kan kuskure. In na roƙi sabo, ban san ko za su ba ni ba. Na rufe ido na kawo ta gabana, tana duƙe gindin rumbu da gwiwa mai ciwo, kara a hannu, tana bin zanen da yatsa. Sai na tambayi kaina ta ina yatsan ya fara.

"Yaya, daga wane gehe kin ka hwara?"

"Daga dama mana. Karatu daga ina a ka hwarawa?"

Ta yi allo tana yarinya, ta kai wasu surori kafin a ɗauke ta. Karatu ɗaya ta sani a duniya, kuma daga dama yake tasowa. Laifina ne, malama guda, na gaya mata komai ban gaya mata wannan ba. Na bi bayan hannuna daga ƙarshe. Ukku, sifiri, takwas, biyat, ɗaya, huɗu. Na danna, na kawar da kai don ba na son in ga ja. Da na waiwayo, ga saƙonnina jere, na shekara da shekaru, na hukuma yana can sama.

"Ya buɗe, Yaya. Ya buɗe."

Ba ta amsa ba. Na san kunyar ta dawo wurinta tunda aiki ya ƙare. Ban da lokacin tsayawa, na ajiye wayar gefen kwamfuta na hau aiki. Na buɗe saƙon na taɓa inda aka ce, na ɗauko takardun na liƙa. Mai siber ya dawo daga masallaci, ya tsaya bayana, ya nuna mini wani wuri da na tsallake, na cika. Na danna aikawa. Wani ɗan layi ya fito yana cika a hankali, intanet ɗin ranar ruwa, yana tafiya yana tsayawa. Biyar ta wuce da kwata. Ba abin da zan iya yi sai kallo.

Cikin shirun nan na ji wata 'yar murya daga kan tebur. Ashe ban yanke kiran ba. Ita kuma, daga baya auta ta gaya mini, ba ta san jan madanni ba, ba ta taɓa yanke kira ba a rayuwarta, kullum na can ne ke yankewa. Ta mayar da wayar cikin jaka ta rataye a ƙusa, ta shimfiɗa tabarma nan gindin rumbu ta yi la'asar ɗin da na makarar da ita. Na ɗauki wayar na kai kunne. Ta sallame, tana addu'a a fili, a hankali, yadda tsofaffi ke yi in sun tabbata ba kowa.

Ta roƙa wa 'yan Abijan tsari, kowa da sunansa. Ta roƙa wa auta sauka lafiya. Ta roƙa wa mahaifinmu da kakata rahama. Sannan ta faɗi sunana. Cikakke, na yanka, ba wanda ake gajartawa ba, ta haɗa da na ubana kamar tana tsoron a ɓata da wata.

"Allah ka san ta," ta ce. "Ita ce ta hwari. Damina tara tana tsaye da alli. Ka zamnar da ita haka nan, ta gaji."

Ni ban ce mata tara ba. Ban taɓa zaton tana ƙirgawa ba.

Mai siber ya taɓa kujerata ya ce, "Madan, ya shiga." Na ga koren rubutu a kwamfutar, an karɓi dosiye. Na ɗaga masa hannu ya yi shiru. Ya dubi fuskata, ya koma bakin ƙofa ya tsaya yana kallon titi. Na yi kuka a siber ɗin nan, ba na ɓoyewa, da mayafi a baki don kada ta ji. Ta wuce kan gero, kada ruwa ya kwantar da shi, ta wuce kan gwiwarta. Na riƙe wayar har kiredina, kuɗin da ke cikin wayar, ya ƙare, layin ya yanke da kansa.

Kafin in tashi, dattijon ya sa na ƙara sabuwar lambata a imel ɗin, ya buga mini lambobin ajiya a takarda ya ce in sa su inda nake sa takardar haihuwa. Bayan watanni sunayen suka fito, nawa yana ciki. Yau shekara ta uku ke nan da matrikil.

Ban taɓa gaya mata wayar a buɗe take ba. In ta sani, ba za ta ƙara yin sallah a gindin rumbun nan ba, kuma sai ta shekara ba ta yarda mun haɗu a tsakar gida ba. Auta kaɗai na gaya wa. Da ta ce in ta je gida za ta nuna wa Inna yadda ake yanke kira don kada a riƙa cinye wa mutane kiredi, na ce mata in ta kuskura ta koya mata jan madannin nan, ni da ita ne.